Ranar da Yaya Ta Zagaya da Mu Fadar Kan Kogi

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Hay el-Sabi' a Alƙahira, ni da maigida, ana ɗage dokar hana fita kenan. Mai gadin gidanmu ne ya sauko mana da akwatuna, yana hamma yana yi mana addu'a. Duk shekarun da na yi a Alƙahira ban taɓa jin garin ya yi shiru irin na wannan kakar ba. Titin da kullum sai ka toshe kunne saboda hon, ranar babu kowa sai karnuka da masu shara. A kowace mahaɗa akwai motar sojoji da waya mai ƙaya. Sau biyu aka tsayar da mu aka haska mana fuska, aka duba fasfo, aka ce mu wuce. Direban tasin bai kunna rediyo ba, bai kuma yi mana hirar siyasa ba, wanda ga direban Masar alamar rashin lafiya ce.

Da yawa daga cikinku kun yi ta tambayata abin da ya kai ni Faransa a irin wannan lokaci, wasu har da cewa in kawo tsaraba. Ba yawon shaƙatawa na je ba. Yayata na je gani.

Mu 'yan Damagaram ne. Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma ita ta goye ni. Ina firamare wani Bafaranshe da ke koyarwa a garinmu ya musulunta ya aure ta, suka tafi ƙasarsu. A can ta karanta tarihi, ta zama mai zagayawa da baƙi a tsofaffin gidajen sarauta na kwarin kogin Luwar, aikin da ta yi har ta tsufa. Zuwanta gida ba ya da yawa. Rabona da ita tun rasuwar Baba.

Da azumin bana ɗiyarta ta kira ni tana kuka. Ta ce ciwon mantuwa da ya kama uwarta ya yi nisa, Faransanci ya zube mata gaba ɗaya, Hausa kawai take yi, kuma babu mai ji a gidan. Sun nemo wani ɗalibi ɗan Nijar ya yi musu tafinta, ashe Bazabarme ne, ya yi iya ƙoƙarinsa ya ba su haƙuri. Da labari ya isa Damagaram, yayyena maza suka zauna suka yanke magana: tunda ni ce mai jin Faransanci kuma nake kusa da filin jirgi, in je in ɗauko ta. Ta dawo cikin danginta, ta samu mai laƙƙana mata kalmar shahada, a binne ta kusa da iyayenta. Wannan saƙon na ɗauka, kuma a lokacin ban ga aibunsa ba.

Jirgin rabinsa babu kowa, don masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa Masar. Maigida ya samu kujeru uku ya miƙe abinsa. Shi Bakano ne, sana'arsa tura littattafan addini Najeriya, Larabci kamar ya haife shi, amma Faransanci ko gaisuwa bai iya ba. Tun a sama ya sanar da ni cewa daga yau ni ce bakinsa, kada in yi amfani da damar in sayar da shi.

Mun sauka Faris sama ta yi toka-toka, ana yayyafi mai sanyin da ke shiga ƙashi. Daga filin jirgin muka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa garin Tur. Ta taga sai gonaki da aka riga aka girbe, ƙasa baƙa a jiƙe, fararen shanu manya, ƙauyuka masu rufin toka da ba ka ganin ko mutum ɗaya a waje. Maigida ya ce, “Wai ina mutanen ƙasar suka tafi?” Ya sayo mana shayi a cikin jirgin, ya dawo ransa a ɓace, ya ce kuɗin kofi biyun nan da a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ne sai ya ciyar da ɗakin ɗalibai guda da ful da ta'amiyya, wake da ƙosan Masar, har a rage. Sauran abincin kuwa bai yarda da shi ba. Muka ciro gurasarmu ta Masar da farin cuku da dabino muka ci.

Ɗiyar Yaya ce ta tare mu a tasha. Mace ce babba, malamar asibiti, tsayin ubanta da goshin Innarmu. Ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Gidan iyayenta ƙarami ne a bayan gari, da ɗan lambu da itacen tufa da 'ya'yansa suka zube suna ruɓewa babu mai tsincewa. Mijin Yaya ya fito, ya tsufa ya ranƙwafa, ya ce, “Sannu da zuwa, ina gajiya.” Iyakar Hausar da ta rage masa kenan daga zamansa na Damagaram.

Na same ta zaune a bakin taga, an lulluɓa mata bargo a ƙafa, kanta fari fat. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da Hausar da rabona da jin irinta tun ina yarinya, Hausar tsofaffin unguwarmu, babu ko ɗigon Faransanci a ciki. Ta tambaye ni gida, ta tambaye ni ruwa, ta tambaye ni hanya. Sannan ta dube ni da kyau ta ce, “'Yar gidan wa ce ke?”

Na ce, “Yaya, ni ce Auta.”

Ta yi dariya. “Auta ai yarinya ce, tana makaranta. Sai azahar take tasowa.”

Na tashi na ce zan yi alwala. Na daɗe a banɗakin.

Kwanakin farko aikina sauraro ne. Ashe maganar da ta yi ta nanatawa tun makonni, suna zaton addu'a ce, cewa take haƙorinta na ciwo. Shi ya hana ta cin abinci har ta rame. Aka kai ta aka cire shi. Na samo gero a wani shagon 'yan Afirka na dama mata kunu da tsamiya, ta shanye kwano guda, ta ce na iya amma Inna ta fi ni. Ta riƙa kirana Hajiya, tana yi mini ladabin baƙuwa. Ɗiyarta kuwa duk inda muka zauna tana gefena tana cewa, “Me ta ce? Yanzu fa, me ta ce?” Wani lokaci maganar ba ta wuce a kore kaji daga tsakar gida ba, amma sai na fassara.

Wata safiya bayan karin kumallo na isar wa mijinta saƙon yayyena. Na yi ƙoƙarin tausasa shi, amma saƙo irin wannan ba ya tausasuwa. Ya saurare ni har na gama, yana juya cokali a kofin da babu komai. Bai yi fushi ba. Ya ce likita ya ba da shawarar a riƙa kai ta wuraren da ta saba, kuma akwai gidan sarautar da ta fi so, wanda ta zagaya da baƙi a cikinsa fiye da kowanne. Ya ce mu je gobe gaba ɗaya, in mun dawo sai mu yi maganar.

Sunan wurin Chenonceau, ana faɗinsa Shenonso. Ɗiyar ce ta tuƙa mu, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Hanyar ta bi gefen kogin Sher, wanda ke zuba cikin Luwar. Gonakin inabi sun yi ruwan ɗorawa, ganye na zuba. A wasu wurare mun ga gidajen da aka fafe a jikin farin dutse, ƙofa da taga kawai ke waje, hayaƙi na fita ta saman tudu. Yaya duk hanyar tana murza gefen mayafin da na ɗaura mata.

Daga inda ake ajiye motoci akwai doguwar hanya miƙaƙƙiya, manyan itatuwa dama da hagu sun haɗe kai a sama. Ganyen da ya zube ya jiƙe yana manne wa takalmi. A ƙarshenta muka tarar da gumaka biyu na dutse a kwance, jikin zaki kan mutum. Maigida ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya tuna ƙaton gunkin nan na gaban dalar Masar, ya ce, “La ilaha illallahu, har nan Abul Haul ya biyo mu?”

A daidai nan ne Yaya ta zare hannunta daga na mijinta. Ta miƙe tsaye sosai, abin da ban ga ta yi ba tun zuwana. Ta karɓi lemar da ke hannun ɗiyarta, ta ɗaga ta sama a naɗe, ta juyo ta fuskance mu ta ce, “Jama'a, a matso kusa, kada kowa ya tsaya a baya.”

Muka dubi juna, muka matsa.

Ta nuna wata hasumiya zagayayya da ke tsaye ita kaɗai a hannun dama, mai rufi kamar malfa, da rijiya a gindinta. Ta ce wannan ce kaɗai ta rage daga tsohon gidan yaƙi da ya fara zama a wurin. Wani babban ma'ajin sarki ya saya ya rushe sauran, shekara ɗari biyar da suka wuce, ya kafa sabon gida a cikin ruwa, a kan ginshiƙan wani tsohon injin niƙa da kogin ke juyawa. Ta ce shi ma'ajin kullum yana bin sarki wajen yaƙi, saboda haka matarsa ce ta tsaya a kan magina. “Shi ya sa za ku ga gidan da hankali,” in ji ta. “Mace ce ta san inda za a bi da tuwo kada ya huce.”

Ina fassarawa, mijinta na gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya raɗa mini cewa haka take faɗa wa baƙi, a wannan wurin, da wannan tsarin, har da barkwancin. Sai dai bai taɓa jin ta yi da Hausa ba. Babu wanda ya taɓa ji.

Ginin fari ne, an yi shi da wani dutse mai laushi na yankin, wanda Yaya ta ce in an haƙo shi sabo wuƙa ma tana yankarsa, sai ya sha iska yake tauri. Rufin kuwa baƙin dutse ne falle-falle, da 'yan hasumiyoyi a kusurwoyi. A ranar da babu rana, farin ya koma kamar tsohon ƙashi. Muka haye gada muka shiga ta wata ƙatuwar ƙofar katako mai sassaƙa. A zauren shiga ta sa muka ɗaga kai. Rufin bakuna ne na dutse da suka sarƙe juna, mahaɗarsu ba ta tafi a layi ɗaya ba, tana karkata dama da hagu. Ta ce wanda ya taɓa shiga soron ƙasa mai bakan gizo a garinmu ya san dabarar, su dai da dutse suka yi, mu da azara da laka. Ta nuna mana matattakalar bene, ta ce kafin wannan gida yawancin na Faransa murɗaɗɗu ne kamar dodon koɗi, mutum biyu ba sa wuce juna. Wannan kuwa miƙaƙƙiya ce mai faɗi, salon da aka kwaso daga Italiya, da taga a tsakiya mai kallon ruwa.

A kowane ɗaki akwai murhu da itace ke ci, da manyan tulunan furanni ɗanyu. Ƙanshin hayaƙi da na fure da na tsohon katako sun gauraye. Wasu tsofaffin Turawa biyu suka biyo mu suna saurare, duk da ba sa jin komai, don ganin yadda take magana da hannu. Ta kai mu ƙaramin ɗakin ibadarsu, ta ce lokacin da talakawa suka yi bore suna farfasa kayan sarakuna, matar da ke da gidan ta cika ɗakin da itacen girki aka zaci rumbu ne. Gidan kansa kuma abin da ya cece shi, shi ne kaɗai gada a wannan yankin, in an rushe shi kowa zai sha wuya.

Daga nan sai dogon zauren da ya sa gidan ya yi suna. Tun daga waje ake ganinsa, bene hawa biyu a kan gada mai bakuna biyar, ya ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. Wata mace da sarki ya ba gidan ce ta gina gadar don ta riƙa haye wa farauta, bayan rasuwarsa sarauniya ta karɓi gidan ta ɗora zauren a kai. Daɓen baƙi da fari ne kamar allon dara, tagogi jere a kowane gefe. In ka leƙa, ruwa ne ke wucewa ƙarƙashin ƙafarka, kore-kore, yana jan ganye. Sanyi na tasowa ta ƙasa.

Yaya ta rage murya. Ta ce an yi shi don rawa da biki, amma a yaƙin duniya na farko gadaje aka jera daga wannan bango zuwa wancan, aka mai da shi asibitin sojoji. Waɗanda suka ɗan samu sauƙi sukan zura ƙugiya ta taga su kama kifi daga kan gado. A yaƙi na biyu kuma kogin ne ya zama iyaka: ƙofar da muka shigo tana ɓangaren da Jamusawa suka mamaye, ƙofar can ƙarshe tana ɓangaren da ba su kai ba. Ta nuna ta da lemar. “Mutane da yawa sun shigo ta nan da 'ya'yansu a hannu, suka fita ta can. Wanda ya kai waccan ƙofa ya tsira.” Maigida, da ya bar gari mai shingen sojoji a kowace kwana, ya daɗe yana kallon ƙofar.

Muka gangara madafa, wadda ke cikin cikin ginshiƙan gadar. Tukwanen jan ƙarfe rataye a bango, tanderun burodi, ƙugiyoyin rataye nama, teburin da wuƙa ta cinye tsakiyarsa. Akwai wata 'yar ƙofa da jiragen ruwa ke tsayawa a sauke kayan cefane. Nan Yaya ta yi ta raha, ta ce wa maigida kada ya taɓa tukunyar mutane. A raina na ce ai ta warke. Har na fara tsara yadda zan zaunar da ita a jirgi.

Saura ɗaki ɗaya a can sama. Mijinta ya ce a bar shi, ta gaji. Ita kuwa ta riga ta kama matattakala.

Ɗakin baƙi ne, bango da rufi. Sai da idona ya saba na ga zanen da ke jiki: ɗigon hawaye masu ruwan azurfa, igiyoyi ƙulle, shebur irin na masu haƙar kabari. Gado ɗaya, wurin durƙuso ɗaya. Yaya ta fara bayani, ta ce wata sarauniya ce aka kashe mijinta, ta shigo nan ta sa fararen kaya, don fari ne takabar sarautarsu, ba ta fita takabar ba har ta mutu bayan shekara goma sha ɗaya. Ta ce, “Ita dai tun daga ranar…” Sai ta tsaya. Bakinta na motsi, maganar ba ta fito ba. Lemar ta faɗi.

Ta dubi bangon, ta dube mu, ta ce, “Wa ya mutu?” “Inna ce? Inna ce ta mutu ba a gaya mini ba?” Ta fasa kuka irin na ƙaramar yarinya. Na riƙe ta ina cewa Yaya yi haƙuri, Yaya ni ce, ina karanta mata duk addu'ar da ta zo bakina. Ta ture ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. “Sake ni! Ke wace ce?” Ɗiyarta ta matso, ita ma ta ture ta. Ma'aikaciyar wurin ta leƙo ta koma.

Mijinta ne ya zo a hankali. Ya kama hannunta ya sa a ƙarƙashin hammatarsa, ya juya da ita ta ba bangon baya, yana shafa bayan hannun da babban yatsansa. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya. Ta jingina kanta a kafaɗarsa ta ce, “Malam, kai ni gida.” Ya dube ni, na fassara masa. Ya gyaɗa kai kamar ya riga ya sani.

Muka koma mota. Ruwa ya tsuge sosai. Da muka iso ta shiga ta zauna a kujerarta ta yi barci, da ta farka ba ta tuna mun je ko'ina ba. Ta tambaye ni yaushe za a kai ta gida wajen Inna.

Da la'asar muna tsaye ni da maigida a ƙarƙashin rumfar lambu, na ce masa ka ji da kunnenka, gida take so. Ya ce, “Na ji. Amma wane gidan? Inna ta rasu, Baba ya rasu, gidan naku an raba gado an yi shaguna a gabansa. In kin kai ta Damagaram, nan ma cewa za ta yi a kai ta gida. Kuma a can babu wannan tsohon.” Na ce to kalmar shahada fa, da makwanci? Ya ce in bar masa wannan.

Washegari ya ja mijin Yaya da ɗiyar suka tafi masallacin garin. A can ya samu bakin magana, don limamin ɗan Maroko ne, suka yi ta Larabci har aka manta da sauran. Ashe limamin ya san tsohon, yana zuwa Juma'a in ya samu mai zama da matarsa. Ashe kuma tun da ciwon ya fara tsohon ya je ya kama musu wuri biyu a ɓangaren Musulmi na maƙabartar garin. Bai gaya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaye shi.

Na kira babban wanmu na gaya masa ba zan taho da ita ba. Na yi masa bayanin abin da na gani. Ya ce an aike ni na je na zama 'yar gari, na bar 'yar uwata a hannun baƙi. Na ce masa, mutumin nan shi ke yi mata wanka, shi ke yanke mata farce. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, ya kashe waya.

Sauran kwanakin na yi su ne a madafa ina koya wa uba da 'ya Hausa, muna feraye dankali. Ba gaisuwa ba, abin da za su bukata: ci, sha, tashi, kwanta, ina ke ciwo, kada ki ji tsoro, ina nan. Tsohon na karya harshe har maigida na ƙunshe dariya, amma ba ya gajiya da maimaitawa. Na koya wa ɗiyar dama kunu. Tana motsa tukunya ta ce mini tun tana ƙarama ta so uwarta ta koya mata Hausa, uwar ta ce babu inda za ta yi amfani da ita a nan. Ta ce, “Yanzu ga ta a gabana tana ta magana, ni kuwa kamar bango.” Sannan ta tambaye ni ko yarana suna jin Hausa. Na ce suna ji, amma da Larabci suke amsawa.

Ranar tafiya na shiga yi wa Yaya sallama. An yi mata kitso, aikin hannuna, ta sha kunu, tana cikin walwala. Na durƙusa na riƙe hannunta na ce zan koma. Ta yi mini godiyar ziyara, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da ladan zumunci. Har na kai ƙofa ta kira ni.

“Hajiya, in kin bi ta Damagaram ki gaida mini Auta. Ki ce ta riƙe karatu, ina nan zuwa da tsarabarta.”

Na ce, “Za ta ji, Yaya.”

Mun sauka Alƙahira da rana tsaka, cikin zafi da hayaniya da masu tasi na jan akwati. Cunkoso ya riƙe mu a hanyar Madinat Nasr, yankin da unguwarmu take, har la'asar. Yarana uku, da na bari wajen maƙwabciyarmu 'yar Sudan, suka rugo tun daga bene suna ihun hamdilla alas-salama ya Mama, wato sannu da dawowa. Babbar ta tambaye ni jikin Yaya da Larabci. Na amsa mata da Hausa, na ce ta zauna, labarin da tsawo kuma da Hausa zan ba da shi, inda ba ta gane ba ta tambaya.

Abin da na gani a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Na ga gidan dutse da ya shekara ɗari biyar a cikin ruwa, ya ga bore ya ga yaƙi biyu, yana nan tsaye saboda kullum akwai mai gyara rufinsa da mai hura masa wuta. Mutum ba a gyara shi haka. In ya fara rushewa sai dai a samu wanda zai zauna kusa da shi har ƙarshe, kuma ba lallai ne ya zama wanda ya fi jin harshensa ba. Na tafi ina ganin mu ne danginta, na tarar akwai wanda ya fi mu saninta.

Har yau wanmu bai ɗauki wayata ba. Yaya kuwa an ce jikin yana ƙara yin ƙasa, ta fara daina magana ko da Hausar. Wanda ya karanta wannan ya sa ta cikin addu'a, ya sa tsohon da ke jinyarta.